Yatsa Biyu a Kuncin Hagu

Ruwan da ya hau a watan Nuwamba shi ya ci fuskar wasan Alvise. Shi yana kwance a asibiti, matarsa Nives tana gefen gadonsa, jiniyar ambaliya ta yi ta kuka babu mai ɗaga akwatin fuskar daga ƙasa. Da Nives ta koma gida bayan kwana uku ta buɗe, sai ta tarar abin da na yi da hannuna shekara talatin da takwas da suka wuce ya koma kamar tuwon masarar da ya kwana a ruwa. Hancin kaɗai ya rage, shi ma tana ɗagawa ya narke mata a yatsu.

Mu a Venezia, birnin da ke zaune a kan ruwa, mun saba ruwa ya ci mana kaya. Ni kaina ya ci mini katifa biyu da hoton uwata. Amma da wannan fuskar takardar Alvise yake fitowa a matsayin tsohon attajirin nan mai rowa na wasan gargajiyarmu, mai dogon hanci da jan wando, a dandalin unguwarmu, kowace Talatar biki, ta ƙarshe kafin azumin Kirista. Waɗanda suka fara kallonsa a kafaɗar iyayensu, yanzu su ne suke ɗauke da nasu 'ya'yan.

Sunana Menego. Aji huɗu na yi a makaranta. Na bi jirgin ruwa shekara goma sha ɗaya, na sayar da kifi, na yi dako a kan gadoji har gwiwata ta ce ta gaji. Wata tsohuwa mai shago ta koya mini manna takarda a yi fuskar wasa, da ta rasu na gaji shagon da kyanwarta. Ba alfahari ba, na san mutane. Tun daga ƙofa nake gane mai saye da mai taɓawa ya wuce. Amma ranar da Alvise ya turo ƙofar shagona, saura kwana ashirin da uku biki, sanda a hannun dama, hannun hagu a aljihu, sanin nan bai amfane ni da komai ba.

"Tsohon ɓarawo," in ji shi. "Har yanzu kana sayar wa baƙi shara?"

Na fahimce shi ne don na shekara sittin ina jin muryarsa. Wanda bai san shi ba rabin maganar zai kama. Shanyewar ɓarin jiki ta ja masa bakin hagu ƙasa kamar an saƙala wa leɓen ƙugiya, kalmomin suna fitowa a jiƙe.

"Sharar ce take ciyar da ni. Kai fa, asibitin ne suka gaji da kai suka koro ka?"

"Nas ɗin ce ta ce in na ƙara kwana ɗaya za ta rabu da mijinta."

Na ture kyanwa daga kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallon fuskokin da ke rataye a bango kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ornella, wadda take riƙe da ƙungiyar wasan yanzu, ɗalibarsa tun tana 'yar shekara goma sha biyar, ta ce masa in an samu fuska, fitowar farko tasa ce. Ba wasan duka ba, fitowar farko kawai.

"Tsohon mazubin fuskata yana nan?"

"Yana nan. Ba zai yi ba."

"Don me?"

"A fuskar saurayi aka zuba shi. Kai kuwa ka zube. Sai mun ɗauki sabo."

Ya sa bayan hannu ya goge gefen bakinsa. Na ga ya riga ya koyi yin hakan ba tare da ya sani ba.

"To ɗauki," ya ce.

Washegari da safe Nives ta zo ita kaɗai, da kwanon sadin cikin albasa. Shekara arba'in ina cin girkinta, na san kifin da ake kawowa don zumunci da wanda ake kawowa don roƙo.

"Menego, ka ce masa takarda ta ƙare."

"Haba uwargida. A garin da kowane lungu ake sayar da ita?"

"To ka ce hannunka ya fara rawa."

"Sai ya tafi wajen yaran nan masu kawo na roba. Kin fi so ya hau dandamali da roba a fuska?"

Ta zauna a kujerar da mijinta ya zauna jiya, ta ɗora jaka a cinya.

"Tun da ya dawo bai duba madubi ba. Ni nake masa aski. Yana jin muryarsa daga ciki, yana tsammanin yadda yake ji haka muke ji. Ka taɓa ganinsa yana shan miya yanzu?"

Na ce ban gani ba.

"Mutumin nan shekara talatin da takwas ana masa dariya saboda ya so a yi. Ba na son a yi masa wadda bai nema ba. In ba za ka hana shi ba, ka rufa masa asiri. Ai rufe fuska ita ce sana'arka."

Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. Na ci kifin dai.

Ranar Alhamis muka ɗauki mazubin. Na kwantar da shi a dogon tebur, na shimfiɗa masa tsumma a ƙirji, na shafe gira da gashin ido da basilin, na sa masa ɗan bututu a kowace ƙofar hanci. Na kwaɓa farin siminti, irin wanda ake ɗaure karaya da shi.

"In ka ji ba daɗi, buga tebur."

"In na mutu, ka gaya wa Nives ni na fasa tulun nan, ba kyanwa ba."

Na fara zubawa daga goshi. Wancan karon na farko, muna da ƙuruciya, ta cikin bututun ya riƙa busa waƙa har na yi dariya na ɓata mazubi biyu. Wannan karon shiru. Bututun hagu ya riƙa zamewa, don hancin wannan gefen ya saki, sai da na riƙe shi da yatsa. Simintin yana ɗaukar zafi idan zai daskare, kuma minti goma sha biyar ɗin nan mutum ba ya gani, ba ya magana. Can na ji hannunsa na dama ya lalubo bakin rigar aikina ya damƙe. Bai buga tebur ba, bai kuma saki rigar ba har na ɗaga.

Da ya tafi na zuba siminti cikin mazubin, washegari na fasa na fito da siffar kansa. Mutum mai rai yana motsi, yana zolaya, idonka ya riƙa yi masa alfarma. Siminti ba ya alfarma. Ga Alvise fari fat a kan teburina, gefen dama nasa, gefen hagu na wani mutum da ya gaji da duniya. Na juya shi ya fuskanci bango na tafi shan kofi.

Daga nan sai yumɓu. A kan wannan kan ake gina fuskar wasan: goshi mai tattara, gira ta haɗe, hanci ya lanƙwaso kamar bakin mikiya. Wannan hannuna ya sani ko ina barci. Tsohuwar da ta koya mini tana da doka guda wadda ta taɓa dukan hannuna a kanta da cokali. Daga goshi zuwa leɓen sama namu ne. Daga nan zuwa ƙasa na mai wasa ne. Mai manna takarda ba ya shiga gonar baki.

Na gama gefen dama, na tsaya daidai inda ake tsayawa. Na zo gefen hagu na tsaya, na ja baya na duba. Ƙarƙashin kuncin yumɓun ga leɓen nan a zube, babu abin da ya tare shi. Na ɗebi yumɓu kamar ƙwayar dabino na ƙara. Na sake ja baya. Na ƙara. Da na auna, kuncin hagu ya fi na dama saukowa da faɗin yatsa biyu, ya lulluɓe kusurwar bakin gaba ɗaya. Na tsaga masa layuka ya zama kamar gashin baki ne ya karkata. In faɗi gaskiya, ya yi kyau. Tsohon ya ƙara kama da maƙetaci, kamar yana tauna wani mugun shiri a gefe ɗaya. Na ce a raina, Menego, ka ga amfanin yawon duniya. An rufa asiri, ba a yi ƙarya ba.

Na zuba mazubi na biyu a kan yumɓun. Na dama kunun fulawa don manni, na ɗiga masa ruwan inabi mai tsami don kada ya yi funfuna. Takardar yagawa ake yi, ba a sa mata almakashi, don bakin yaga shi ke kwanciya a kan ɗan'uwansa. Na jiƙa, na matse, na riƙa dannawa cikin mazubin da babban yatsa, shimfiɗa uku, a hanci huɗu. Sai jira. Fabrairunmu danshi ne zalla, bango ma gumi yake. In ka kai ta kusa da murhu ta karkace, in ka bar ta ta yi wari. Kwana shida ina juya ta a kan kanta kamar mai jinya. Da ta bushe na huda ido, na shafa farar ƙasa, na goge, na yi fenti ruwan ƙasa mai duhu, na bi da kakin zuma. Kafin ranar gwaji na juya madubin shago ya fuskanci bango.

Suka zo ranar Juma'a da hantsi, saura kwana huɗu. Na miƙa masa. Ya juya ta a hannu, ya shinshina cikin.

"Har yanzu kana rowar kaki."

"A wajenka na koya."

Ba a sa fuskar wasa ana kallon mutane. Ya juya mana baya kamar yadda ake yi, ya ɗora ta. Igiyar ce ta gagare shi da hannu ɗaya. Ya yi ta fama har Nives ta matsa ta ɗaure masa.

Da ya juyo, sai ga tsohon attajirin a gabanmu. Gwiwa ta lanƙwashe, ƙugu ya ja baya, wuya ya miƙo, sandar asibiti ta zama sandar attajiri. Hannun hagun da ya mutu ma ya samu aiki, ya manne a ƙirji kamar yana gadin aljihu. Nives ta rufe baki da tafin hannu. Bakin da ya karkace kuwa babu shi.

Ya ɗaga hanci sama ya fara maganar da yake buɗe wasa da ita kowace shekara, wadda duk unguwa ta haddace:

"Wa ya buɗe taga? Rana za ta shigo ta cinye mini kalar labule kyauta."

Muryar ta daki takarda ta dawo, kamar ƙuda a cikin kwalba. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya a "taga". Ya ɗaga hannun dama ya shafa ƙasan kuncin dama, ya ƙetare zuwa hagu. Na ga yatsunsa biyu sun kwanta a kan abin da na ƙara, daidai, kamar ya auna.

"Mene ne wannan?"

"Gashin baki na ƙara masa."

"A gefe ɗaya?"

"Sabon salo ne. Baƙi suna so."

"Menego."

Na sayar wa kyaftin ɗin jirgi agogon da ba ya tafiya, ya kuma yi mini godiya, amma a nan ƙaryar ta ƙi sayuwa.

"Ni na roƙe shi," in ji Nives.

Bai dube ta ba. Idanunsa ta cikin hudar takardar suka zagaya shagon suka tsaya a bayan madubin.

"Juyo da shi."

"Alvise, ƙura ce a jikinsa."

"Juyo da shi, ɗan dako."

Na juyo. Ya matsa kusa. Ya sa babban yatsa ya ɗaga fuskar zuwa goshi, ya tsaya yana kallon abin da ke ƙarƙashi. Ya gwada murmushi, rabi ya tafi, rabi ya ƙi. Ya daɗe. Wani kwale-kwalen kaya ya wuce ta bayan shago, direban yana zagin wani. Sannan ya mayar da fuskar.

"Yanke."

"Ka saurare ni tukuna."

"In ka rufe bakin, wa zai yi wasan? Takarda? Tsohuwar nan da tana raye da ta karya maka yatsu. Yanke."

Nives ta ce, "Don Allah, Alvise."

"Ke kuma, shekara arba'in ban taɓa shiga kicin ɗinki ba."

Na kwance fuskar na ɗauko wuƙa. Kwana goma sha biyar na aiki, yanka ɗaya. Guntun ya faɗo a tebur, kamar ɓawon lemo. Na shafa fenti a bakin yankan, guntun kuma na jefa a aljihun rigar aiki, ban san dalili ba.

Ya sake sawa ya faɗi maganar tagar. Yanzu muryar tana fita, babu abin da ya tare ta. Yanzu kuma ana ganin komai.

"Yaya?" ya tambaye ni.

"Ana ji."

"Ban da ji?"

"Ana ji, Alvise."

Ranar Talata rana ta fito, abin da ba mu sa rai ba. Ƙarfe uku dandali ya cika. 'Yan unguwa suna gaba kamar kullum, da kujerun da suka fito da su daga gida: mai gasa burodi da surukarsa, matan coci, 'yan kwale-kwale da suka ɗaure jiragensu. Baƙi suna baya da wayoyi a sama. Ni ina gefen dandamali, inda nake ganin bayan labule da gabansa. Ornella ta durƙusa ta gyara masa igiyar takalmi.

"Malam, in ka ji ka gaji, ka buga sanda sau biyu, in shigo."

"In na buga sanda, kanki zan buga. Tafi."

Ya juya baya, Nives ta ɗaure. Ya fita.

Tafin da aka yi masa ya tayar da tantabarun kan coci. Ya zagaya dandamali da tafiyar nan tasa ta zakaran da ya tsufa, ya shinshina iska, ya ɗaga hanci. Na ce a raina, wataƙila.

"Wa ya buɗe taga?"

Ta fita, a jiƙe amma ta fita.

"Rana za ta shigo ta cinye mini kalar..."

Leɓen ya ƙi. Ya sake turawa, "kalar la... la..." Miyau ya zubo daga kusurwar nan, daidai inda guntun yake da, ya yi zare har kan jar rigar, rana ta haska shi. Daga can baya baƙi suka tuntsire da dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Wani ma ya yi fito.

Gaba kuwa babu wanda ya yi dariya. Da ma kowace shekara 'yan unguwa sukan ƙarasa maganar tare da shi da ihu, suna buga ƙafa. Wannan karon matar mai burodi ce ta fara, a hankali, sauran suka bi ta: "labule kyauta." Ƙasa-ƙasa suka faɗa, da taushi, yadda ake ƙarasa wa yaro addu'ar da ya manta. Suka tafa masa kuma, tafi mai tsawo, wasu har da miƙewa.

Alvise ya tsaya a tsakiyar dandamali. Mutumin da yake gane dariyar kowa a unguwar nan ido rufe. Na ga kan takardar yana bin layin gaba daga wannan gefe zuwa wancan yana neman mai dariya. Ina nan tsaye taku biyar da shi, hannuna a aljihu yana murza guntun.

Ya buga sanda sau biyu.

Ornella ta faɗo dandamali a guje a matsayin baiwar gidan, ta cika wurin da surutu, ta ja shi da hannu kamar tana korarsa ciki. Yarinyar ta iya aikinta. Baƙin ba su san an yi komai ba.

Bayan labule ya juya wa bango fuska, Nives ta kwance igiyar. Gefen hagu na takardar ya riga ya jiƙe ya yi laushi. Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. Suka bi ta lungun bayan coci suka tafi gida, ana ci gaba da wasa.

Washegari Larabar toka, ranar fara azumin, ina share takardun biki daga ƙofar shago, sai ga shi shi kaɗai, da toka a goshi da leda a hannu. Ya shiga ya fito da fuskar ya kifa ta a tebur, hanci a ƙasa. Ba a kifa fuskar wasa. Shi ya taɓa korar wani daga ƙungiya a kan haka. Na sa hannu na juyo da ita.

"Mai burodi ya aiko mini da kek," ya ce. "Ka ji? Kek. Kamar na haihu."

"Ka kawo mini rabi?"

"Nives ta ba maƙwabta."

Ya zauna. Kyanwa ta hau cinyarsa bai kore ta ba. Ya goge baki da bayan hannu.

"Guntun nan da ka yanke. Ka yar?"

Na ciro shi daga aljihu na ajiye kusa da fuskar. Ya lanƙwashe saboda murza.

"Zai manne?"

"Zai manne. Tabo zai fito."

"Manna."

"Biki ya wuce, Alvise."

"Na san ranar da muke. Manna."

Ban tambaye shi ko don baɗi ne ba, shi ma bai ce ba. Na ɗora tukunya na dama kunun fulawa, na yaga takarda siri-siri. Na haɗa guntun da inda ya fito, na bi bayan da shimfiɗa biyu, na riƙe da yatsa. Sama ta sake haɗewa, bangon shago ya fara gumi.

"Kwana nawa kafin ya bushe?"

"A wannan danshin? Allah kaɗai ya sani."

"To ina jira," ya ce.

Ya gyara zama, ya jingina sandar da tebur. Ni kuma ina tsaye, yatsana a kan tabon, don in na saki zai zame.